Neman Firintar Nana, Daga Wurno Har Goronyo

Mu biyar ne a tsakar gida ranar da anka yi maganar. Akwai ni, da ɗana Attahiru, da matarshi Luba, da ɗiyarsu Nana wadda ke rubuta wannan da nike faɗi, sai ƙanen marigayi maigidana, Malam Buhari, wanda ya shigo gaisuwa ya iske tuwo ya zauna.

Nana ta ƙare karatun kwamfuta. Wani mai shago a Sakkwato ya ce ta zo ya ba ta aiki, ta zauna gidan wata ƙawar uwarta. Ni ban so ba, kuma ban ɓoye ba. Ita ta ce kwamfuta tana da ita, in da za ta samu firinta, injin da ke fitar da rubutu a takarda, da ta yi zamanta gida tana buga katin biki da jarrabawar makarantu. Attahiru ya ce: "Inna, magana na hannunki. In akwai sana'a gida ta zauna, in babu na ba ta izinin tafiya." Ina da sa da na yi kiwo, na sa anka sayar. Malam Buhari ya ce a aika birni a sayo. Na ce a'a. Bakin mai sayarwa ba ya faɗin aibu. Sai na shiga gidajen waɗanda sunka aje abin nan, na ga yadda yake zaune da su.

Wurno zuwa Rabah

Da anka sallame asuba munka fita, ni da Nana, da ƙullin dambu da gorar ruwa. Mota ba ta cika ba sai da rana ta ɗago. Direba ya so ya cusa ni baya tare da buhunan albasa.

"Yaro, ni albasa ce?"

"Yi haƙuri Inna, gaba an biya."

"Wa ya biya?"

Wani saurayi mai gilashi ya sauko da kanshi ya ba ni wurin. Na sa mai albarka, amma na ce ya ja wandonshi sama.

Da hantsi munka isa Rabah, gidan Malama Saratu wadda ta taɓa koyar da Nana. Tata firintar mai tawada ce, ruwa kala huɗu a ƴan kwalabe. Ta buga muna katin suna, da furanni ja da kore, har na ji ya shiga raina. Nana kuwa ido ya ƙyalla. Na karɓi katin na yi mai abin da nike yi wa atamfa kafin in biya: na lasa babban yatsa na murza. Jan ya biyo yatsana, sunan jaririn ya koma kamar an taka shi.

"Haba Hajiya, kin ɓata mani kati!"

"Ni ban ɓata ba, ɗiyata. A aljihun wa za a sa shi da zafin nan bai yi zufa ba?"

Ta yi dariya ta ce gaskiya ne, an taɓa dawo mata da jarrabawa don yayyafi ya taɓa ta. Na tambaye ta mi ne ne ciwon injin, don kowane abu da ciwonshi. Ta ce in ya kwana biyu ba a buga komai ba, tawadar na bushewa a bakinshi, sai rubutu ya fito da zane-zane, a yi ta wanki ana asarar tawada. Ta ce in takardun baƙi da fari ne da yawa, mu nemi mai lesa, wadda ke aiki da baƙin gari maimakon ruwan tawada. Akwai wata Hajara a Taloka da ke da ita. Munka ci shinkafa da wake, munka yi azahar, munka yi sallama.

Rara

Yanzu ba a barin yamma ta iske mutum a hanya, don haka munka hau kabu-kabu zuwa Rara, gidan ƙanwata Tumba. Mai babur na gudu na dunguri bayanshi, ya ce: "Inna, ai a hankali nike." Na ce to hankalinshi ya yi sauri.

Tumba ta dama muna fura da nono mai kyau, ba irin ruwan da ake sayar muna a Wurno ba. Da ta ji dalilin tafiya sai ta riƙe haɓa.

"Yaya, ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa, ke za ki zaɓi injin rubutu?"

"Ke kin iya saƙa? Ba ke ke zaɓen zane ba?"

Nana ta ɗan turo baki, ita ranta na kan mai furanni. Ta ce amare kala suke so. Na ce amarya sau ɗaya take aure in Allah ya so, makaranta kuwa kowane zango sai ta yi jarrabawa. Ta ce: "Tsohuwa, ashe kin san zango." Na ce na san ranar da ubanta ke ɓata rai kan kuɗin makaranta.

Marnona zuwa Taloka

Da safe munka samu motar da ta aje mu Marnona. Can munka sha koko da ƙosai a tsaye, munka shiga ta Goronyo. An tsaida mu a shinge biyu, anka leƙa, anka ce mu wuce. Gonaki duk an kwashe, sai rumbunan albasa jere a bakin hanya, warinsu na shigowa ta taga.

Hajara mace ce gajera mai saurin magana, mijinta na fataucin hatsi. Firintarta ba ta da kyan gani, toka-toka, kamar ƙaramin akwatin ƙarfe. Ta ce mu jira a tada janareto. Na nuna farantan sola da ke kan rufinta, na ce waɗancan fa?

"Inna, nan na yi kuskure. Na ɗauka za su ja ta. Ranar farko ina kunnawa fitilu sunka ɗauke, abin batir ya hau kuka. Fanka da waya yake iyawa, ba wannan ba."

"Ɗan abin nan? Mi yake ci haka?"

Ta buɗe cikinshi ta zaro wani dogon baƙin kwanso. Ta ce a nan garin yake. Na duba, baƙi ne mai laushi, ya fi kwalli laushi. Ta ce wani haske ne ke zana rubutun, garin ya manne a inda ya zana, sannan takarda ta bi ta cikin wani abu mai zafi ya danne shi.

"To ai dutsen guga ne a ciki," in ji ni.

"Shi ke nan, Inna."

"Shi ya sa yake cin wuta."

Da janareto ya kama sai ta danna. Ban gama gyara zama ba takardu sun fara zubowa, ɗaya bisa ɗaya. Na ɗauki guda, da ɗumi kamar masa daga tanda. Na lasa yatsa na murza. Babu. Na tsoma yatsa a kofin ruwa na ƙara murzawa har takardar ta yi laushi, rubutun na nan daram. Hajara ta ce ko wata guda ta yi a rufe, ana kunnawa za ta yi aiki, gari ba ya bushewa tunda busasshe ne. Nana ta matso ta fara tambayoyinta, shafi nawa kwanso ke bugawa, ina ake cika shi. Na ga ta mance da furanni.

Muna cikin haka wani namiji ya yi sallama daga zaure. Hajara ta ɗaga murya ta ce maigida ba ya nan. Ya ce takarda ya kawo a buga. Ta ce yara na makaranta, babu mai karɓowa, ya dawo da la'asar. Munka ji takunshi ya tafi.

"Zai dawo?" na tambaye ta.

"Wani na dawowa. Mafi yawa Goronyo suke wucewa." Ta ja ƙyalle ta rufe injin. "Ai shi ya sa na san tana iya wata a rufe."

Munka miƙe za mu tafi. Ta ba mu sunan wani Murtala mai shago kusa da kasuwar Goronyo, ta ce yana da ta hannu mai lafiya.

Goronyo

Kafin azahar munka iske shagon. Sai da na ce a ba tsohuwa hanya sannan anka dare. Malaman makaranta, da wani ango da abokanshi suna gardamar wa za a fara sawa a kati, da wani dattijo mai takardar gona. Na duba kaf, mace ba ko ɗaya, sai mu.

Murtala ya ɗauko muna biyu. Ɗaya babba mai kala, ɗaya ƙarama baƙi da fari irin ta Hajara. Ya fara yabon babbar. Na ce kwanso nawa ke cikinta? Ya ce huɗu. Na ce in ɗaya ya ƙare? Ya sosa ƙeya ya ce sai an aika birni, wani lokacin har Kano. Ƙaramar fa? Ya ce garinta ko nan yana cikawa.

"To mi ya sa kake tura mani babbar?"

"Hajiya, ai na ga kin yi kama da masu babba."

"Na yi kama da mai sa guda ɗaya, kuma an riga an yanka shi."

Shagon ya kwashe da dariya. Nana ta sa ya buga wani shafi daga cikin ƙaramin injin wanda ke faɗin yawan aikin da ya taɓa yi, ta karanta ta ce bai tsufa ba. Ta nuna mai hoton janareton ubanta a waya, ya duba lambar ya ce zai ja, amma kada a haɗa da dutsen guga ko firij. Na ce a buga mani shafi baƙi ƙirin da shafi fari fat, in ga ko akwai zane ko datti. Babu. Munka yi ciniki har ya rantse sau biyu, ya ƙara muna kwanso ɗaya da damin takarda.

Ya yi muna gargaɗi: kada a kwantar da ita a gefe, gari zai zube. A rufe ta in ba ta aiki, a buɗe in tana yi, don tana son iska. Takarda kada a aje ta ƙasa ta sha sanyi. In garin ya taɓa tufa a kakkaɓe a wanke da ruwan sanyi, ruwan zafi na kama shi har abada. Na sa Nana ta maimaita mani duka.

Goronyo zuwa gida

A tasha direba ya ɗauki kwalin zai ɗaure bisa mota. Na ce ya aje. Na biya wa firintar kujera guda, ta zauna tsakanina da Nana, ina dafe da ita a kowane rami. A shinge wani jami'i ya leƙo.

"Mama, mi ke cikin kwali?"

"Injin rubutu."

"Ke za ki yi rubutun?"

"Ni zan tsare mai yi."

Ya yi dariya ya buga motar munka wuce. Bayan la'asar munka sauka Wurno lafiya, godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya maido mu, da Malama Saratu da Tumba da Hajara da sunka buɗe muna ɗakunansu ba su ɓoye komai ba.

Attahiru ya tada janareto. Anka aza firintar kan tebur a ɗakin Luba, can ƙuryar gida. Nana ta buga sunana da manyan baƙaƙe ta miƙo mani. Ban iya karantawa ba, amma na ji ɗuminshi. Luba ta yi guɗa. Malam Buhari, da ya sake iske mu daidai lokacin tuwo, ya ce kai, zamani.

Na bari murna ta lafa sannan na ce: "Attahiru, wa zai kawo mata aiki?"

"Mutane mana, Inna."

"Waɗanne? Na gani da idona. Masu kawo takarda maza ne. Za su shigo ɗakin matarka?"

Ya ɗaure fuska. "Gidana ba a shiga, kin sani."

"Na sani, ni na koya maka."

Na ba su labarin mutumin da ya juya daga zauren Hajara, da ƙyallen da ta ja ta rufe injinta. Malam Buhari ya ce a kama mata shago a kasuwa. Attahiru ya ce ɗiyarshi ba ta zaman kasuwa, gara birni inda aƙalla akwai mai sa ido. Zaure kuwa nan yake aje buhunan iri, nan abokanshi ke hira, kuma ba shi da ƙofar kullewa. Nana ta dube ni, ta dubi injin, ta tashi ta shige ɗaki. Na ji tana jan jakarta daga ƙarƙashin gado.

Ɗakina shi ne na farko in ka wuce zaure. Bangonshi na baya shi ke kallon hanyar da ke zuwa makarantar firamare da masallacin Juma'a. A cikinshi anka kawo ni amarya, a cikinshi na haifi Attahiru, a cikinshi ubanshi ya cika. Ban taɓa yarda an yi mai taga ta waje ba, don ban son idon hanya.

Da gari ya waye na yi salla, na kwashe kwanonina da tasoshina na kai ƙaramin ɗakin da ke kusa da madafa. Na sa Luba ta kama mani gado munka fitar. Na aika anka kira Sani magini, ya zo da guduma da kurfi yana tambayar ina ya tsage. Na ɗauki gawayi na zana mai taga a bangon, daidai ƙirjin namiji in yana tsaye a waje, faɗinta iya shigar takarda da hannu, kai ba ya shiga. Na ce ya sa mata ƙarfe da marfi.

Attahiru ya fito yana goge ido. "Inna, ɗakin Baba za ki fasa?"

"Ɗakina zan fasa. Jeka ɗauko tebur."

Nana na tsaye bakin ƙofa da mayafin tafiya a kafaɗa. Na ce ta aje shi ta zo ta nuna inda waya za ta bi. Sannan na jawo kujerata ƴar tsugune na dasa ta gefen zanen gawayin, inda zan riƙa ganin fuskar duk wanda ya miƙo takarda, na ce wa Sani: "Bismillah, buga."