Gwiwar Baba Jiniya

Aikin Baba Jiniya a madatsar ruwa bai wuce danna maɓalli ba, amma kowa a bakin kogin ya san shi. Idan aka yi ruwa mai yawa can saman kogi, tafkin ya cika har ya kusa jan layi, sai manaja ya kira shi tun da asuba ya ce yau za a buɗe ƙofofi. Shi kuma ya hau hasumiya ya kaɗa jiniya, don masu wanki da masunta su janye kafin ruwa ya iso.

Da share ciyawa ya fara, yana saurayi. Ya yi gadi, ya yi shafa wa ƙarafa giris, sai da furfura ta fito aka ba shi makullin hasumiya. A wuya yake rataya shi, ko wanka ba ya cirewa. Da matakalar hasumiyar ce kawai ba sa jituwa, domin gwiwarsa ta hagu ta daɗe da gajiya.

Wata safiya manaja ya kira shi ofis, bai ko ce ya zauna ba.

"Baba, masunta sun kawo ƙararka. Sun ce duk ranar da za mu saki ruwa, matarka ba ta fita wanki, ƙaninta kuma tun kafin jiniya ya riga ya kafa kwale-kwalensa a lungun da kifi ke taruwa. Kai kake tsegunta musu?"

"Ni, yallaɓai? Wallahi ko a mafarki!"

"To, in aka sake, ka kawo makullin. Gadi yana neman mutum."

Ya isa gida ya tarar da matarsa tana ninke kayan da ta wanke wa mutane. Ya tsaya a kanta.

"Maman yara, tsakaninki da Allah, na taɓa gaya miki ranar buɗe ƙofa?"

"Kai da ko gishiri ya yi yawa ba ka faɗa?"

"To wa yake gaya miki?"

"Jikina ne yake ba ni." Ta miƙa masa gefen zanin gado. "Riƙe nan, Malam, ka ja da kyau."

Daga ranar ya shiga ɓoye-ɓoye. Idan waya ta yi ƙara sai ya shige banɗaki ya amsa da raɗa. Ya daina gaisawa da surukin nasa. Har abokin aikinsa ya sa ya kwana kusa da shi a ɗakin hutu, ya ji ko yana magana cikin barci. Abokin ya ce magana dai babu, minshari ne kamar an buɗe ƙofa ta tsakiya.

Asirin a bakin hanya ya tonu. Ƙanin matar ya tare shi da koma a kafaɗa, ya matso yana shinshina iska, ya ce, "Yaya, yau ba ka ƙamshi. Ashe in koma in kwanta."

"Ƙamshin me, ɗan nema?"

Mutumin ya kama bakinsa, amma dariya ta riga ta kufce. Baba ya dubi gwiwarsa. Man zafi! Ba ya shafa shi sai ranar hawan matakala, kuma in ya shafa, tun daga tsakar gida har bakin titi ana jin sa. Shekara da shekaru gwiwarsa ce ke sanarwa kafin jiniya.

Da manaja ya sake kira, Baba ya dubi kwalbar man a kan taga, ya kau da kai. Ya karya kumallo a natse, har da tambayar ko akwai ƙari. Matar ta bi shi da hanci har ƙofa, ba ta ji komai ba, ta ɗora ƙullin wanki a ka ta nufi kogi.

Hawan ranar bai yi daɗi ba. Yana hawa yana kiran sunan Allah, yana zagin wanda ya gina hasumiyar. Da ya kai sama ya leƙa: ga duwatsu fal da shanya, ga kwale-kwalen surukinsa a ɗaure, mai shi na kwance a inuwa. Ya danna maɓallin da daɗin da bai taɓa ji ba.

Bakin kogi ya hargitse. Mata na tattara kaya, masunta na tsere zuwa lungun kifi, surukin na laluben filafili. Matarsa kuwa ta ɗaga kai ta daɗe tana duban hasumiya. Sannan ta kwashe kayan mutane tsaf, ta hau tudu. Abu ɗaya ta bari a kan dutse, farar rigarsa ta fita unguwa. Yana ji yana gani ruwa ya zo ya ɗaga ta a hankali, ta tafi hannuwa a buɗe.

Manaja ya ce makulli ya zauna a wuyan mai shi. Da yamma Baba ya shiga gida yana ɗingishi.

"Maman yara, ina rigata?"

"Ai ba a sanar da ni ba, Malam. Zauna in shafa maka man, yanzu ba wanda zai amfana."