Ranar da Ari Ya Yi Kaye a Filin Kumandan

Kakata Iya Fanna ba ta yarda da taro ba. Na suna ko na aure takan je ta yi barka ta dawo, amma duk taron da hukuma ta kira, ko a ɗaure ba za ka kai ta ba. Muna yara a Gure, in aka yi shelar kokawa ko ƙwallo a filin wasa na gari, mu sai tsalle, ita kuwa sai ta taɓe baki ta ce, "Wa ya kira? Me yake nema?" Har kunya takan ba mu a gaban abokai.

Lokacin sanyi, da an ci tuwo, takan hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta muna miƙa tafin hannu. Ta iya tatsuniya ƙwarai, ga kwaikwayon murya, ga tsokana. Ni takan ce mini mai gidanta, wai ragon miji ne Allah ya haɗa ta da shi, ko itace ba ya iya kawowa. Amma akwai labari ɗaya da ba ta buɗe shi yadda ake buɗe tatsuniya. Sai dai ta gyara zama ta ce, "Wannan ba a ba ni ba. Da idona na gani."

Abin ya faru kafin babban yaƙin Nasara, a shekarun alif ɗari tara da talatin in na bi ƙiyasin shekarunta. Tana budurwa 'yar sha huɗu a wani ƙauye na wajen Kelle. A faɗarta, inda filin wasan nan yake, rairayi ne kawai aka share, aka kafa doguwar sanda da tuta. Sai ga gardi, wato dogaran kumandan, Baturen Faransa mai mulkin yankin, sun zo da saƙo: kowane ƙauye ya kawo ƙarfafan samarinsa Gure ranar sallar Nasara, za a yi kokawa da tsere, akwai kyauta.

"Ku ji fa," in ji ta, tana ɗaga yatsa. "Tsakiyar damina, gero na jiran noma, a ce wai a zo wasa? Nasaran da bai taɓa ba ka ruwan sha ba, yau shi ne zai ba ka kyauta?"

Dattawa suka zauna suka juya maganar. Sun ga ɗiban soja, sun ga ɗiban aikin dole, sun san ƙato mai faɗin ƙirji ake zaɓa. Suka ce wannan karon kumandan ya gaji da nema ne, so yake mu tace masa samarinmu da hannunmu. Ƙin zuwa fitina ne, don haka za a je. Amma duk wanda ya shiga fage, ya faɗi.

Wanta Ari shi ne abin tsoro. Shi kaɗai ne namiji a gidan tun da ubansu ya rasu, shi ke riƙe da gona, kuma ya gaji kokawar uban, bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Uwarsu ta kama hannunsa ta ce, "Ari, ka faɗi ka dawo mini. Kunyar yini ɗaya ce." Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

A nan ne muke fara dariya, don Iya takan miƙe ta nuna mana. Ashe mutanen Gidigir da na sauran ƙauyuka su ma shawarar da suka yanke ke nan. Ƙattai biyu su shiga fage, su riƙe juna kamar masu gaisuwar ta'aziyya, kafin ka ce me ɗaya ya durƙusa, ɗayan ma ya bi shi don kada a ce shi ya yi kaye. Masu tsere kowa na jiran ɗan'uwansa ya wuce. Kumandan na zaune a inuwa fuskarsa ta yi ja, tafinta na gefe da littafi a kan tebur ya rasa abin rubutawa.

Aka haɗa Ari da wani Mamman na Gidigir. Suka yi ta zagaya juna, kowa na neman hanyar faɗuwa. To akwai wani tsohon makaɗi da ya yi wa ubansu kiɗa shekara da shekaru. Ko takaici ne ya kama shi, ko wani ne ya sa shi, Iya ta ce har gobe ba ta yarda da shi ba. Kawai sai aka ji ya saki taken marigayin. Ari ya tsaya cak. Sai ya sunkuya, ya ɗaga Mamman sama, ya maka shi da ƙasa.

Babu wanda ya yi guɗa. Filin ya yi tsit, kumandan kaɗai ke tafi. Aka ba Ari turmin yadi da kan sukari. Iya ta kutsa cikin mutane har kusa da tebur, ta ga kumandan ya matsa damtsen wanta yana gyaɗa kai, ta ji tafinta ya tambayi sunansa, da sunan ubansa, da ƙauyensu, ya rubuta. Ba ta jira kowa ba, ta kama hanyar gida, ta riga su isa, ta faɗa wa uwarsu.

Ari ya so a dakata a ga abin da zai biyo baya. Ya ce gero bai yi ba, wa zai ƙarasa noman? Iya ce ta yi ta kuka tana rantsuwa cewa ta ga abin da ta gani, gardi na nan tafe. Washegari uwarsu ta dama masa fura, ya nufi kudu, ƙasar Ingilishi, inda hannun Faransa ba ya kaiwa, da niyyar ya dawo in ƙura ta lafa. Sau ɗaya fataken kanwa suka ce sun gan shi yana dako a wata kasuwa. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, har uwarsu ta rasu tana sauraron ƙofa.

Kullum a nan wani cikinmu zai tambaya, "Iya, gardin sun zo?"

Sai ta ɗauki kara ta tona wutar. "Ba su zo ba. Su zo su yi me? Ai sun ji ya tafi. Mutanen nan suna da kunne ko'ina."

Mu kuwa mu yarda. Darasin da na ɗauka shi ne kada ka nuna ƙarfinka a gaban hukuma, kuma na daɗe ina alfahari da wayon kakata da ta tsirar da wanta.

Sai da na girma na zama malamin lakkol, wato makarantar boko, ita kuma ta tsufa idonta ya yi rauni, ta aika aka kira ni wata safiya. Babu tsokana ranar. Ta ce, "Kai da ka iya karatun Nasara, an ce ba sa zubar da takarda. Ka je biro, ofishin hukuma, ka duba mini littafin nan na tafinta. Ina so in san na mene ne."

A lokacin ne na gane ba ta taɓa sani ba. Na je na tambaya. Wani dattijon ma'aikaci ya saurare ni da haƙuri, ya ce takardun wancan zamani ba sa nan, bai ma san inda suke ba. Ya ce yana iya zama littafin soja, yana iya zama sunayen waɗanda aka ba kyauta ne kawai. Na fito, na yanke shawara tun a hanya.

"Na gani, Iya," na ce mata. "Na soja ne. Sunansa na ciki. Da ya tsaya da sun tafi da shi."

Ta juyo da fuskarta inda muryata take. "Takardar da ta fi ubanka shekaru, ka samo ta kafin azahar?" Ta laluba ta kama hannuna. "Allah ya yi maka albarka, mai gidana. Amma ba ka gani ba."

Ba ta ƙara ta da maganar ba har ta koma ga Allah. Na yi ta tunani a kanta bayan nan, kuma har yau abin yana ci mini rai. Da ina ganin kumandan take tuhuma, da tafinta, da tsohon makaɗin, shi ya sa take maimaita mana labarin duk shekara. Ashe shari'a take sake yi a gaban yara, don mu ne kaɗai za mu ce ta yi daidai ba tare da musu ba. Wadda ta fi daɗewa tana tuhuma ita ce yarinyar nan 'yar sha huɗu da ta riga kowa isa gida, kuma ta mutu ba ta wanke ta ba.