Jan Biro da Saƙonnin Auta

Shekara talatin da ɗaya Malam Jan Biro ya yi yana gyaran rubutu a wata ƙaramar maɗaba'a da ke bayan tashar mota. Teburinsa na can kusurwa, kusa da injin yankan takarda, kuma duk abin da za a buga, katin gayyata ne, kalanda ce, takardar jarrabawa ce, sai ya bi ta ƙarƙashin jan bironsa. Daga nan sunan ya manne masa. Har yau ma'aikatan wurin suna ba da labarin ranar da ya kashe inji ana tsakiyar bugu saboda waƙafi guda da ya zauna inda ba wurinsa ba. Mai maɗaba'ar ya yi ta kumfar baki, shi kuwa ya harɗe hannu ya ce sai an gyara. Kuma aka gyara ɗin.

Da ido ya fara gajiya sai ya ajiye aiki, amma halin yana nan daram. Allon shagon aski, sanarwar da aka liƙa a bango, takardar da ke cikin kwalin maganinsa na hawan jini, babu wadda zai wuce bai girgiza kai ba. Mutumin kirki ne, wannan ba a musu, amma wallahi zama da shi sai mai haƙuri.

'Ya'yansa huɗu. Uku sun saba yi masa rubutu a waya kamar masu neman aikin gwamnati. Auta ce kaɗai ta ƙi lanƙwasuwa. Tana aiki a wani kantin magani a babban birni, tafiyar yini guda daga gida, kuma kullum da safe, da ta buɗe kanti, sai wayar Malam ta yi ƙara. Babu babban baƙi, babu aya, kalmomi a manne da juna, rabinsu an gutsure musu wutsiya: "baba ina kwn kunsha magani kuwa kodai sai nazo da bulala". Daga nan sai jerin imoji, 'yan kawunan nan masu dariya, da zuciya, da hannu biyu a haɗe.

Shi kuma ba ya amsa gaisuwar sai ya fara mayar mata da saƙonta a gyare, kalma bayan kalma. Sannan a ƙasa ya rubuta, "Lafiya lau. Na sha." Ita kuma ta turo masa kan nan mai dariya har da hawaye, shi ke nan. Shekara uku suna wannan dambe.

Inna, matarsa, ba ta yi boko ba, amma ita ma tana da nata karatun. Idan ya gama mita sai ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da fuska.

"Yau kawuna uku da zuciya. Ta samu barci," in ji ta. Wata rana kuma, "Guda ɗaya tal, kuma bakinsa a miƙe. Mai kantin nan ya sake ɓata mata rai."

"Ke dai da shirme," Malam zai ce. "Wannan zane-zanen yara ne abin karantawa?"

Ranar Lahadi idan Auta ta kira, sai ka ji abin da Inna ta faɗa shi ne ya faru.

Wata Litinin da safe wayar ta yi ƙara a makare, wajen ƙarfe goma. Malam ya sa tabarau, ya gyara zama a kujerarsa ta ƙofar ɗaki.

"Assalamu alaikum, Baba. Ina kwana? Da fatan kun tashi lafiya, kuma kun sha magani. Ina gaida Inna."

Ya karanta sau uku. Babban baƙi a wurinsa, alamar tambaya a wurinta, ko ɗigo bai ɓace ba. Farin ciki ya kama shi har ya miƙe tsaye.

"Ke! Zo ki ga ikon Allah. Yarinyar nan ta yi hankali!"

Inna ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ja allon da yatsa ko akwai saura.

"Ina hotunan?"

"Babu. Ai abin da nake gaya miki ke nan."

"Ko guda?"

"Ko guda. Girma ya zo."

Ta miƙa masa wayar a hankali ta koma wajen wankinta, amma ya ji kwanon wankin ya daɗe bai yi motsi ba. Shi kuwa ya zauna ya tsara amsa, karon farko babu gyara a samanta: "Madalla. Yau na karanta saƙonki ban sami abin gyarawa ba. Na daɗe ina jiran wannan rana. Ki ci gaba a haka."

Bai tsaya nan ba. Ya kai wayar shagon aski ya nuna, ya nuna wa mai gyaran rediyo, har wani tsohon abokin aikinsa ya tare a hanya. Naci, in ji shi, shi ne maganin yaran zamani. Kai, ranar ko ƙasa bai so ya taka ba.

Talata saƙo ya zo tsaf. Laraba ma haka. Inna ta ɗauki ƙaramar wayarta ta kira Auta, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Jim kaɗan sai ga rubutu a wayar Malam: "Ku ba Inna haƙuri, aiki ne ya yi yawa. Zan kira daga baya."

"Kin ji ko? Aiki ne."

"Malam, yarinyar da ke ɗaga waya ko tana cikin wanka?"

"To me kike so ya zama? Kin fi so ta dawwama a shashanci?"

"Ni dai gabana faɗuwa yake yi."

Ya yi tsaki ya juya mata baya. Gaskiyar magana, ya fi son ya zama shi ne ya ci nasara fiye da ya tsaya ya saurare ta.

Ranar Alhamis ne abin ya fara taɓa shi. Saƙon ya zo, ya sa tabarau, kuma sai ya tsinci kansa yana laluben kuskure, ba don ya gyara ba, don dai ya gani. Babu. Bulalar nan da take yi masa barazana da ita kullum, babu. Tsegumin masu zuwa sayen magani, babu. Gaisuwa ce kawai mai sanyi, irin wadda baƙo ke yi daga bakin ƙofa. A aikinsa ya san hannun kowane marubuci ko bai sa suna ba. Yakan ce rubutu ba ya ɓoye mai shi. Tsoro ya kama shi. Ya kife wayar a kan tebur, bai faɗa wa Inna ba. Abincin rana ma taɓawa kawai ya yi.

Da hantsin Juma'a Inna ta yafa mayafi ta fita. Ta dawo da telar da ke maƙwabtaka da su, wadda Auta ba ta da lambarta.

"Kira min ita da taki," in ji Inna. "Ki buɗe muryar kowa ya ji."

Ringi biyu aka ɗauka.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

Muryar mace ce, amma ba ta Auta ba ce. A bayanta ana jin ƙarar gado mai taya ana turawa, da wani yana ƙwala wa nas kira.

Malam ya karɓi wayar. "Ni ne mahaifinta. Ke wace ce?"

Sai kuka ya ɓarke.

"Baba, ku yafe min. Ni ƙawarta ce, malamar makaranta, ɗakinmu ɗaya da ita. Ranar Lahadi da yamma mota ta buge ta a bakin titi. Hannunta na dama ya karye, ba ta iya riƙe waya. Ita ta ce kada a gaya muku saboda hawan jininku, ta ce in riƙa gaishe ku kullum kafin ta warware. Ni kuma ban iya yi wa babba rubutu irin nata ba."

Inna ta zame ta zauna a ƙasa, tana salati.

"Ba ni ita," in ji Malam. "Sa mata wayar a kunne."

"Baba, ashe buguwar ta taɓa ciki, ba a gane da wuri ba. Ranar Laraba da rana suka shiga da ita tiyata. Har yanzu ba ta farka ba. Jiya da yau tsoro ne ya hana ni faɗa muku, wallahi tsoro ne."

Ya lissafa a ransa. Litinin, Talata, safiyar Laraba. Kwana biyu da rabi tana magana, tana gane mutane, tafiyar kuwa yini guda ce.

"Ta ga amsar da na turo ranar Litinin?"

"Na karanta mata."

"Me ta ce?"

"Baba, ku bar shi."

"Na ce me ta ce?"

"Da farko dariya ta yi, har ciwon ya tsananta. Can kuma dariyar ta tsaya. Ta ce, 'Inna za ta gane. Amma Baba da gaske bai gane ba ni ba ce?'"

Telar ta zare wayarta daga hannunsa, don ta ga yana neman sakinta. Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ya ji tana janyo jaka daga ƙarƙashin gado. Motar ƙarshe mai zuwa birni tana tashi ƙarfe goma sha biyu. Ya sunkuya zai sa takalmi, ya daɗe a sunkuye bai ɗago ba.