Endres Vogler, Wanda Aka Ari Jikinsa

Haihuwa da karatu

An haifi Endres Vogler a birnin Nuremberg a shekarar 1489. Mahaifinsa Kilian ɗan dako ne, mahaifiyarsa Walburga kuwa wankau take yi. Ya yi hunturu biyu a makarantar coci, inda aka tabbatar ba ta nan arzikinsa zai zo ba.

Aiki

A shekarar 1511 Lienhart Staub, mai sassaƙa zane a farantin tagulla ana bugawa a takarda, ya gan shi a gidan wanka, ya auna shi da zare, ya tarar tsayinsa ya ninka tsawon kansa sau takwas cif, gwargwadon da masana suka yanke wa cikakken mutum. Shekara goma sha huɗu Endres ya yi yana tsayawa tsirara a ɗaki mai sanyi, ana zana shi a matsayin Adamu cikin Aljanna. Fuskarsa ce kawai ba a ɗauka ba, an aro ta wani gunkin Italiya. Mu da iyayenmu ba su iya karatu ba, ta kafaɗunsa muka fara sanin Littafi Mai Tsarki, kuma muna godiya.

Aure

A 1516 ya auri Ottilie, 'yar mai gasa burodi. An ruwaito takan ce, “Duk ƙasar nan ta ga mijina, amma ni kaɗai ke jin tarinsa.”

Tsufa

Bayan rasuwar Staub a 1525 ya koma dako har bayansa ya tanƙware. A 1551, Ottilie ta rasu, ƙarfi ya ƙare, ya nemi gado a gidan tsofaffin masu sana'a, wanda fatake ke kula da shi.

Shugabansu ya ce, “Baba, tsayuwa ai ba sana'a ba ce. Wa ma ya ce kai ne Adamun hoton nan?”

Endres ya cire takalmi, ya nuna karkataccen ɗan yatsan ƙafarsa, wanda Staub ya zana yadda yake.

Shugaban ya duba hoton. “Na Adamu a dama yake, naka a hagu. Mai da takalminka.”

Sai Barbara, matar marigayi Staub, wadda ta yi shekaru tana shafa wa farantai tawada, ta ce, “Ranka ya daɗe, abin da aka buga ai juyewa yake yi. A kawo madubi.” Aka kawo, yatsa ya koma hagu. Ta ƙara da cewa, “Tsayuwar kuma, tuɓe ka gwada mana awa guda.”

Shugaban bai gwada ba. Aka ba Endres gado kusa da murhu.

Rasuwa

Ya rasu a gadon nan ranar tara ga Fabrairu, 1556, aka binne shi a maƙabartar bayan ganuwa. Ya bar 'ya'ya uku: Kunz maƙerin ganga, Apollonia ungozoma, da Veit wanda ya tafi soja. A kundin gidan, inda ake rubuta sana'ar kowane mamaci, an rubuta masa: tsayuwa.