Bokitin Tsohon Tela

A benenmu akwai wani tsoho da kowa ke kira Tela, ko da yake ya daɗe da lulluɓe kekensa. Ido ne ya ƙi. Tun yana saurayi yake ɗinki, da allura ya rufa wa iyalinsa asiri, sai ga shi zare ya daina shiga masa kafa. Mutum ne da bai iya zama haka kawai ba, kuma bai iya dogon bayani ba. Wannan na biyun shi ya ja masa.

'Yarsa mai aiki a shagon kayan noma ce ta kawo masa dusa a leda, da bokiti mai murfi. Ta ce dusar cike take da ƙwayoyin bakteriya masu amfani. A zuba ragowar abinci, a barbaɗa dusa, a danne, a rufe ruf. In ya yi tsami a binne shi a ƙasa. Abin da zai yi watanni yana wari a juji, sai ya zama taki cikin 'yan makonni.

Tela ya rungumi abin hannu biyu. Ya jera robobi a rufin bene, ya shuka tumatir da barkono. Matarsa takan leƙo ta ce, "Malam, 'ya'yan naka na cikin bokiti sun karya, ko in ɗora musu shayi?"

Sai dai gidan mutum biyu ba ya fitar da ragowa mai yawa. Don haka ya ɗauki roba ya bi ƙofofin maƙwabta. Nauyi ya hana shi cewa shi da furfurarsa kiwon abin da ba a gani yake yi. Kansa a ƙasa ya ce, "In akwai ragowar abinci, don Allah kada a zubar. A ajiye mini."

To, mutane suna da ido. Sun ga keke a lulluɓe, sun ga dattijo da roba. Babu wanda ya yi tambaya.

A hawan ƙasa akwai Maman 'Yan Biyu, mai wanki da guga, wadda mijinta ya rasu. Sauran gidaje ƙanzo da guntun burodi suke ba shi. Ita kuwa sai ta miƙo kwano a rufe, tana kallon gefe.

"Baba, ragowa ce. Yara sun ƙoshi."

Ragowar nan da tururinta take zuwa, miya a gefe, wani lokaci har da yankan nama a kai.

Matarsa ta gane tun ranar farko. "Malam, ka gaya wa yarinyar nan gaskiya."

"In ce mata me? Cewa ta yi mini kallon mai jin yunwa? Ai ba za ta ƙara haɗa ido da ni ba."

"To cinye."

"Ciki nawa gare ni?"

Sukan taɓa abin da za su iya. Sauran, bokiti. Kullum yakan ce gobe zai faɗa mata, kullum maganar tana ƙara nauyi.

Wata rana da hantsi igiyar shanya ta ƙasa ta cika, sai Maman 'Yan Biyu ta hau rufin bene da jiƙaƙƙun kaya. Ta tarar da shi a tsugune, kwanonta a kife bisa bokiti, yana barbaɗa dusa a kan shinkafar da ta dafa da safe.

Ta ajiye baho a hankali.

"Baba, ba ta dahu ba ne?"

"Ta dahu, 'yata."

"Gishiri ya yi yawa?"

Nan ya fara bayani, na bakteriya da tsami da taki, mai tsawo kuma a makare. Ta saurara har ya kai ƙarshe. Ta yarfe riga ɗaya ta shanya, sannan ta ce, "Ai da ka faɗa, da na ci abina."

Sai a lokacin ya san rabon wa yake binnewa.

Bayan haka takan gaishe shi, amma idonta na kan dutsen guga. Shi kuma ya daina bin ƙofofi. Ko masallaci zai je, sai ya saurara ya ji ta shiga ɗaki, ya wuce da sanɗa. Matarsa ma ta daina tsokanar.

Rannan da azahar ya sauko, ba roba a hannunsa. Ya zauna a bencin ƙofarta, inda duk mai hawa da sauka zai gan shi. Ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba.

"Maman 'Yan Biyu, yunwa nake ji."

Ba ta ɗago ba. "Ta ciki, Baba, ko ta bokiti?"

"Ta ciki."

Ta bar shi a zaune har ta gama gugar rigar da ke gabanta, ta ninke ta. Makanikin da ke hawa na sama ya zo wucewa, ya gan shi, ya kau da kai da sauri. Tela ya gyara zama.

Ta shiga ciki, ta fito da kwano ɗaya da cokali biyu.

"Rabona ne," ta ce. "Matsa mini."