Yammar da Unguwa Ta Bi Mu Tarauni

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen damina, shekarar da na gama aji huɗu na firamare, Baba ya dawo daga sallar la'asar ya tsaya a tsakar gida ya ce kowa ya yi wanka ya sa kayan Sallarsa. Ina durƙushe bakin rijiya ina wanke-wanke, ƙanwata Uwani tana korar kaji daga kan kuɓewar da aka shanya. Muka dubi juna. Ba mu ji ana biki ko suna ba, kuma gidanmu a wannan shekarar ba gidan kwalliya ba ne. Na tambaye shi ina za mu, ya ce in na gama surutun in shiga in gaya wa Inna har da ita za a fita. Na tsaya da kwano a hannu ina kallonsa, don rabon Inna da taka zauren gidanmu wata bakwai ke nan.

Gidan haya muke a Gyadi-Gyadi, mu da iyalin Maman Ladi, wata malamar makaranta 'yar Kafanchan, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Kafin wannan shekarar, muryar Inna ake fara ji tun daga ƙofar gida. Taliyar murji take yi da mai da yaji, da an tashi daga makaranta yara sun cika mana zaure da kwanuka, tana zuba musu tana yi musu tsiya, wannan mai ƙaton kai, wancan ya je ya fyace majina tukuna. Sai ƙyanda ta shigo unguwa ta ɗauke mana autanmu Nasiru yana ɗan shekara biyu. Tun daga ranar Inna ta shiga ɗaki ta saki labule. Injin taliya ya koma ƙarƙashin gado. Ni na karɓi shara da kai markaɗe da hura gawayi kafin in tafi makaranta, na bar wa ƙawayena gaɗa da carafke, Maman Ladi kuma ita ke yi mana kitso ranar Lahadi in ta dawo daga coci. An yi rubutu, an karɓo magani a asibiti, 'yan'uwa sun yi nasiha har sun gaji. Inna ba ta musu, ba ta kuka ma, sai ramewa take yi kawai. Rannan na ji Goggo, yayarta, tana ce wa Baba in har aka shiga kaka a haka, za ta zo ta tafi da ita ƙauye. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba.

Baba direba ne. Shekara goma sha biyu yana tuƙa wani injiniya ɗan Italiya mai aikin hanya, wanda muke kira Oga Marko. Da mutumin zai yi ritaya ya rantse sai Baba ya je ya ga garinsu, a watan da mutanen ƙasar ke rufe shaguna su tafi hutu bakin teku. Baba ya so ya ƙi saboda halin da gida ke ciki, Inna ta ce daga bayan labule ya tafi, zamansa ba zai dawo da kowa ba. Ya yi mako uku ya dawo da hotuna cike da ambulan, da labari kuwa buhu-buhu. Kullum da yamma a majalisarsu ta gindin darbejiya sai an sa shi ya maimaita. Ya ba su labarin Rum da wani ƙaton kango da mutane ke bin layi cikin rana don su shiga su kalla, da wurin ruwan da baƙi ke juya masa baya su jefa kwabo wai don su sake dawowa, da garin Benis inda kwale-kwale ne tasi. Da ya nuna hoton dogon ginin nan da ya karkace, Malam Iro tela ya juya hoton sama da ƙasa ya ce wannan ai magini ne ya yi ha'inci, su kuma don kunya suka ce abin kallo ne. Ni kuwa a Islamiyya sai da na ishi kowa da Italiya, har aka daina zama kusa da ni.

Amma akwai labari ɗaya da mu yake ba wa a gida, yana ɗaga murya yadda za ta ratsa labule. Ya ce a ƙaramin garin su Oga Marko, da rana ta yi sanyi sai kowa ya yi wanka ya ci ado ya fito titi. Tsofaffi da kwat, mata riƙe da hannun mazajensu, yara na lasar askirim, su tafi a hankali har ƙarshen titi, su juyo, su sake komawa, ana gaisawa. Ba kasuwa za su ba, ba gidan kowa za su ba. Ya ce har mahaifiyar ogansa, tsohuwa tukuf cikin baƙaƙen kaya tun rasuwar mijinta, ba a barin ta a ɗaki, sai an fito da ita ta ga mutane su gan ta. A wannan gaɓar yakan dubi ƙofar Inna.

To, wannan tafiyar ce Baba ya ɗauko mana tun daga Italiya ranar Asabar ɗin nan. Da na gaya wa Inna, ko juyowa ba ta yi ba. Baba bai yi faɗa ba, bai yi lallashi ba. Ya sa shaddarsa ruwan toka, ya kafa hula, ya jawo kujerar tsuguno ya zauna a bakin ƙofarta, ya ce shi fa nan zai zauna ko da magariba za ta same shi. Mun kusa cire rai sai labule ya motsa, ta fito da atamfar da ta yi mata yawa, ta ja mayafi har goshi. A zaure Baba ya lanƙwasa hannunsa don ta riƙe, irin yadda ya gani a can. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, a Kano fa muke." Ya mayar da hannunsa aljihu.

Muka fito. Baba ya riga ya kafa mana doka, ba sauri, ba guje-guje. Shi a gaba, Inna a bayansa kai a sunkuye, mu biyu muna tsallake kwatamin da ruwan jiya ya cika, kowa shiru. Abin da Baba ya manta shi ne, a unguwarmu ba a taɓa ganin mutum ya yi ado ya fito da iyalinsa don tafiya kawai ba. Maman Ladi ce ta fara hango mu daga wurin mai gasa masara. Ta ga matar da ko taron sunan maƙwabta ba ta leƙa ba ta fito, ga tafiya a sanyaye ba mai magana, sai ta yanke cewa babban rashi aka yi musu a dangi, gaisuwa za su. Ta gyara ɗankwali ta biyo mu. Matan gidan kusa suka ga Maman Ladi, suka zari mayafai. 'Yan majalisa suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna karkaɗe riguna, Malam Iro ya bar keken ɗinkinsa da rigar mutane a kai. Ba wanda ya tambaya, don ana ganin rashin ta-ido ne a tsayar da mai zuwa ta'aziyya da tambaya. Ni ina waiwaye ina ganin ayari na ƙaruwa, amma na ɗauka haka ake yi a Italiya.

Sai da muka kai bakin kasuwar Tarauni Baba ya ga tafiya ta isa, ya juya, ya yi kiciɓis da mutum kusan ashirin, kowa fuska a jimame, wasu har da carbi a hannu. Malam Iro ya matso yana haki, ya rage murya ya ce, "Malam Sani, Allah ya ba da haƙuri. Wane gida ne aka yi rasuwar?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kalmar da muka yi wata bakwai muna ɓoye wa Inna, ga ta an faɗa a gabanta a tsakiyar titi. Baba ya yi ta in-ina, da ƙyar ya ce babu wanda ya rasu, shan iska ne irin na mutanen Italiya. Na dubi Inna, na ga kafaɗunta na rawa a ƙarƙashin mayafi, na ce shi ke nan, gobe Goggo za ta zo. Ashe dariya ce. Ta toshe baki, dariyar ta ƙi tsayawa, har ta dafa Maman Ladi, daga nan ta rikiɗe ta zama kuka, kuka mai sauti wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da Nasiru. Matan suka kewaye ta da mayafansu har ta yi mai isarta. Malam Iro kuwa faɗa yake ta yi, wai an tayar da shi daga aiki an sa shi ya yi tattaki yana ta jan salati ga mamacin da babu shi.

Da hayaniya muka dawo. Baba ya sha tsiya a majalisa har ƙarshen rayuwarsa, duk wanda ya gan shi da sabuwar riga sai ya tambaye shi ko a ɗauko takalmi a biyo shi. Bai damu ba. Inna ba ta warke rana ɗaya ba, amma Asabar ta gaba da kanta ta tambayi inda na ajiye mata ɗan kunne. Da kaka ta yi Goggo ta zo, ta same ta bakin murhu tana yi wa yara tsiya, ta kwana biyu ta koma ita kaɗai. Sai bayan na yi aure Inna ta gaya mini abin da ya karya mata zuciya a ranar. Ta ce, "Na waiwaya na ga mutane sun bar aikinsu sun biyo ni, ba su ma san wa ya mutu ba. Ni suka gani na fito, shi ke nan."

Yanzu a Tarauni nake zaune da 'ya'yana. Hanyar da muka bi ta cika da shaguna da a-daidaita-sahu, ba wurin da mutum zai taka a hankali ba a danna masa ham ba. Baba ya rasu, Malam Iro ma, Maman Ladi ta koma garinsu da ta yi ritaya. Ina da maƙwabta masu kirki, muna gaisawa ta gilashin mota, amma akwai waɗanda sai bayan an share makoki nake jin an yi musu rashi. Ina kewar unguwar da ba sai an kira ta ba.