Fagbenro da Jaridarsa Mai Baki Biyu

Duk wanda ya ce maka Oyelakin Fagbenro ɗan jarida ne, ka tambaye shi ko ya taɓa ganinsa ya fita neman labari. Mijin yayata ne, kuma shagon ɗinkina yana jingine da ɗakin da yake kira ofis a unguwar Oke-Ado, don haka ba jita-jita nake ba ka ba.

Da farko malamin makarantar mishan ne, aka sallame shi saboda barci a aji. A lokacin jaridu sun cika Ibadan, kowane lauya ya dawo daga Ingila sai ya kafa tasa don ya zagi Bature. Fagbenro ya ga kasuwa ta buɗe. Ya lallaɓi yayata, Iya Ronke, ta sayar da sarƙoƙin aurenta, ya sayo wani tsohon injin buga takardu da ake takawa da ƙafa. Ya raɗa wa jaridar suna Ƙararrawar Gari. Shafi huɗu ce, da Yarabanci, takan fito ranar Asabar idan bammin Juma'a bai yi masa yawa ba.

Labaransa a bencin shagona yake tsintar su, daga bakin masu jiran ɗinki. Sauran ya kwafe daga jaridun Ikko na makon jiya. Amma ka gan shi cikin babbar riga, da tabarau marar magani, yana cewa a kira shi Edita.

Da Bature ya tafi, 'yan siyasa suka koma cin naman junansu. Gari ya rabu tsakanin Cif Adegbite da wani lauya, Olaniyan. Jaridun ƙwarai kowace ta tsaya inda ta tsaya, aka ɗaure editoci, aka ƙone ofisoshi. Shi kuwa gogan naka sai ya shiga buga jarida iri biyu. Wadda ake kaiwa Beere, unguwar Cif, tana kiran Cif uban marayu, Lauya kuma ɓarawo mai kwat. Wadda ake kaiwa Mokola, unguwar Lauya, tana kiran Lauya hasken ƙasa, Cif kuma kura mai murjani.

Iya Ronke ta ce masa, "Baban Ronke, wutar nan da kake wasa da ita, gidanmu za ta ci."

Ya ce, "Ke dai tuƙa amalarki. Me mace ta sani a harkar alƙalami?"

Abin da bai sani ba, duk jaridun da suka yi kwantai, ita ce take kwashe su ta sayar wa masu ƙosai a tashar mota, tunda ba ya ajiye na cefane. Ran nan direban Cif ya sayi ƙosai, ya cinye, ya buɗe takardar zai goge hannu, sai ga maigidansa an kira shi kura. A motarsa kuma ga Ƙararrawar Garin da aka kai Beere, wadda ta kira shi uban marayu.

Da hantsi yaran Cif suka iso a akori-kura. Kafin su gama sauka sai ga na Lauya, su ma labari ya kai musu. Ban taɓa ganin mutanen nan sun yarda a kan abu ɗaya ba sai ranar. Edita ya faɗo shagona, ya fizgi zanen wata mata da nake wa kalmasa, ya ɗaura, ya yafa gyale, ya bi ta lungu. Matarsa da 'ya'yansa huɗu suna cikin gida, ko waiwaye bai yi ba.

Iya Ronke ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da muciya.

Wani ƙato ya ce, "Iya, ina mijinki?"

Ta ce, "Ni ma shi nake nema, ɗana. In kun kama shi ku rage min, kada ku gama da shi ku kaɗai."

Suka fashe da dariya. Ba su taɓa ta ba. Haruffan dalma na buga jaridar suka watsa a kwata, suka jefa injin a rafi, suka tafi.

Ya laɓe a ƙauyen uwarsa har sojoji suka karɓi mulki. Sannan ya dawo yana ɗingishin ƙarya, wai gudun hijira ya yi saboda faɗin gaskiya. Zamani kuwa ya wuce shi, an kawo manyan injina masu fitar da hotuna tar, ba wanda ya ɗauke shi aiki. Yayata ce ta ci gaba da ciyar da shi da sana'ar atamfa, shi yana zaune inda 'yan jarida suke shan giya, yana ba matasa labarin gwagwarmaya. Suka haɗiye, har da ba shi lambar girma.

Bayan ya mutu, wani ɗan jarida ya zo shagona, wai yana rubuta tarihin jarumi. Na ba shi kujera, na faɗa masa komai, har da launin zanen. Ya yi ta gyaɗa kai yana rubutu. Da labarin ya fito, an ce Fagbenro ya tsaya shi kaɗai gaban 'yan daba, alƙalami a hannu. Ni kuma aka ce ƙaninsa ne, kafinta.